Ina agwagin suka tafi? Muhawara kan tafkunan filayen ciyawa na Amurka da Kanada

Malama Rabi:
Assalamu alaikum jama'a. Wasu alƙaluma ne suka tsaya mini a rai, ina so masu ilimin abin su warware mana. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka da takwararta ta Kanada sun ce a 2015 sun ƙiyasta agwagin daji miliyan 49.5 a wuraren da suke hayayyafa, adadi mafi yawa tun da aka fara ƙidayar. A 2023 kuma suka ce miliyan 32.3. Tambayata biyu ce. Ta yaya ake ƙirga tsuntsun da ba a keji yake ba? Sannan wannan miliyan 17 ina suka shiga cikin shekara takwas? Maharba ne suka cinye su?

Ɗan Baka:
Wa alaikumus salam Malama. Tun kafin a fara an riga an ɗora wa maharba. To mu ji daga bakin Habu, tunda shi ne yake can yana karatun abin.

Habu Saskatoon:
Wa alaikumus salam. Anti Rabi, bari in fara da ƙidayar don ita ta fi sauƙi. Tun 1955 ake yin ta duk watan Mayu, in ban da 2020 da 2021 da korona ta hana. Ƙananan jiragen sama ne suke bin layukan da aka shata, layukan nan dai su ake bi kowace shekara. Jirgin yana tafiya ƙasa-ƙasa, kamar mita 30 zuwa 50 daga ƙasa, matuƙi yana ƙirga ɓangarensa, abokin aikinsa yana ƙirga nasa, kowa mita 200. Tunda daga sama ba komai ake gani ba, akwai wasu ma'aikatan da suke bin wani yanki na layin da ƙafa, tafki bayan tafki, suna tayar da duk abin da ya ɓuya a ciyawa. Bambancin da aka samu tsakanin na sama da na ƙasa da shi ake gyara lissafin. Kuma ba agwagi kaɗai ake ƙirgawa ba, har da tafkunan da ke ɗauke da ruwa. Wannan ƙidayar tafkunan ita ce rabin amsar tambayarki ta biyu.

Yankin da ake magana a kai ya kwanto daga Alberta da Saskatchewan da Manitoba a Kanada, ya gangaro Montana da Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu da Minnesota har Iowa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 700,000. Ƙanƙara mai kaurin gaske ce ta taɓa rufe wurin. Da ta narke kimanin shekara 10,000 da suka wuce sai ta bar miliyoyin ramuka, yawancinsu ba su kai eka ɗaya ba. Ba kogi ne yake cika su ba, dusar ƙanƙara ce da ke narkewa a Maris da Afrilu, sai ɗan ruwan sama. A shekarar da ruwa ya samu, rabi ko fiye na agwagin da ake ƙyanƙyashewa a duk Arewacin Amurka daga nan suke fitowa. Shekarun da suka kai ga 2015 na ruwa ne sosai. A 2021 kuwa fari mai tsanani ya afka wa yankin.

Malama Rabi:
Kenan fari ne kawai, in ruwa ya dawo su dawo?

Dakta Yakubu:
Da haka ne da babu abin damuwa, Malama. Fari tsohon baƙo ne a wurin. An yi na shekarun 1930, an yi na shekarun 1980, agwagi suka ragu ƙwarai, daga 1993 ruwa ya dawo su ma suka dawo. Abin da masana ke tsoro shi ne ruwan ya dawo ya tarar babu ramin da zai zauna, babu kuma ciyawar da uwa za ta yi sheƙa a ciki. A ɓangaren Iowa fiye da kashi 90 cikin 100 na tafkunan an tsiyaye su an mayar gonakin masara. Dakota ta Arewa ta rasa kusan rabi. Ramin da fari ya busar yana nan yana jiran ruwa. Wanda aka haƙa wa magudana ko aka binne bututu a ƙarƙashinsa ya tafi kenan.

Ku dubi agwagwar nan mai tsinin wutsiya da suke kira fintel. A tsakiyar shekarun 1950 ta kai kusan miliyan 10. A 2022 ba ta kai miliyan 2 ba. Ko lokacin da ruwa ya dawo a shekarun 1990, sauran agwagi suka farfaɗo, ita ba ta koma inda take ba. Wannan ba aikin fari ba ne.

Ɗan Baka:
To Dakta, aikin mene ne? Don na san Amurkawa suna harbe agwagi wajen miliyan 10 ko fiye kowace shekara. Ni maharbi ne amma ba zan rufe ido a kan wannan ba.

Dakta Yakubu:
Allah ya saka da alheri, Ɗan Baka, gaskiya ɗaya ce. An daɗe ana kokawa da wannan tambayar. A 1976 David Anderson da Kenneth Burnham suka ɗauki bayanan zoben da ake sa wa agwagi a ƙafa, wanda maharbi ke kai rahoton lambarsa in ya harbo, suka tambaya: wadda aka harba da ma za ta mutu ne saboda sanyi ko yunwa ko cuta, ko kuwa harbin ƙari ne a kan wannan mutuwar? Har yau ba a rufe wannan babin ba, shi ya sa tun 1995 Amurka take tafiyar da dokar farauta ta hanyar gwaji: a ajiye hasashe fiye da ɗaya, a duba wanda ƙidayar baɗi ta gaskata, a ƙara masa nauyi wajen yanke yawan kwanakin farauta da yawan abin da mutum zai ɗauka.

Amma ga abin da ya fi jan hankalina. A 2002 Steven Hoekman da abokan aikinsa suka duba me ya fi juya yawan agwagwar malad, wato mai koren kai, daga shekara zuwa shekara. Ƙyanƙyashewar ƙwai ita kaɗai ta ɗauki kashi 43 cikin 100. Tsirar uwa a lokacin kwanci kashi 19. Tsirar 'yan tsaki kashi 14. Duk abin da ke faruwa bayan sun bar wurin haihuwa, har da bakin bindiga, bai kai kashi 10 ba. Maganar tana can cikin ciyawa tsakanin Afrilu da Yuli.

Alhaji Ɗanlami:
Ku dakata yara. Ina karantawa tun ɗazu, kuma na hango inda za a sauke kayan, a kan manomi ne. Mutum ya sayi gonarsa, yana biyan haraji, yana da bashin banki na tarakta. A tsakiyar gonar akwai kududdufi goma da ke hana shi shuka da wuri, injinsa yana kewaye su yana ƙona mai, iri da taki suna zuba sau biyu a wuri ɗaya. Sai wani daga birni ya ce kada ya taɓa saboda agwagwa? Agwagwar ta taɓa biya masa bashi? In ruwa ake so, a bar shi ya tattara ƙananan nan ya zuba su a babban tafki ɗaya a gefen gona. Ruwan yana nan, agwagwa ta je can.

Habu Saskatoon:
Ranka ya daɗe Alhaji, wahalar da ka lissafa gaskiya ce, duk manomin da na zauna da shi a nan ita yake faɗa. Amma shawarar tattara ruwan ita ce ainihin abin da bincike ya nuna yana kashe wurin, kuma ana yin ta sosai. Dalilai uku ne.

Na farko, miji da mata na agwagwa ba sa son ganin wasu irinsu a kusa lokacin da matar ke shirin saka ƙwai. Toron yana kora. A tafki ɗaya babba kowa yana ganin kowa. Shi ya sa ake cewa tafki goma masu eka ɗaya-ɗaya suna ɗaukar ma'aurata kusan ninki uku na abin da tafki ɗaya mai eka goma zai ɗauka.

Na biyu shi ne abinci, kuma nan ne zuciyar maganar. Uwar malad tana saka ƙwai ɗaya kowace safiya har wajen tara. Hatsi ba ya isar ta wannan aikin, tana buƙatar sinadarin gina jiki da kuma kalsiyam na ɓawon ƙwai. Masu bincike na cibiyar da aka kafa a Jamestown ta Dakota ta Arewa a 1965, irin su Gary Krapu da George Swanson, sun duba abin da ke cikin maƙoshin uwayen da ke saka ƙwai, suka tarar yawancinsa tsutsotsi ne da dodon koɗi da ƙananan ƙwarin ruwa. Waɗannan kuma a ina suke fara fitowa? A ɗan kududdufin da bai wuce idon sawu ko gwiwa ba. Ƙaramar tukunya ai ta fi saurin tafasa. A Afrilu babban tafki yana nan da ƙanƙara a kansa, ƙaramin ya riga ya ɗumama yana motsi da rai. In ka tsoma rariya ka ɗago za ka ga ƙasanta ya yi baƙi da su.

Na uku, ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa kifi yana rayuwa a ciki. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi a nan da in ya shiga tafki yake cinye abincin da 'yan tsaki za su ci, ruwan ya gurɓace. Tafkin da ke bushewa duk shekara kifi ba ya zama a cikinsa.

Alhaji Ɗanlami:
Na ji, ɗana. Ka amsa mini ta ɓangaren agwagwa. Ta ɓangaren aljihun manomi fa?

Injiniya Sadiya:
Baba Alhaji, bari in shigo ta ɓangaren ruwa kafin a zo kan kuɗi, don ba agwagwa kaɗai ke asara ba. Ruwan da manomi ya kora daga gonarsa ba ɓacewa yake ba, gonar na ƙasa da shi yake sauka. John Pomeroy da tawagarsa sun yi nazarin wani kwari da ake kira Smith Creek a gabashin Saskatchewan. A 1958 tafkuna sun rufe kashi 24 cikin 100 na ƙasar wurin, a 2008 saura kashi 11. Lissafinsu ya nuna wannan tsiyayewar ta ƙara wa ƙololuwar ambaliyar 2011 kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga kuma takin da ruwan ke kwasa yana kaiwa Tafkin Winnipeg, inda gansakuka take rufe ruwa. Wanda ya tsiyaye ya ci riba, maƙwabcinsa da ƙaramar hukumar da za ta gyara gada su suka biya. Ni a nan nake ganin hujjar hukuma ta sa baki.

Malama Rabi:
Habu, na ji Dakta ya ce ciyawa. Ni na ɗauka agwagwa a bakin ruwa take sheƙa.

Habu Saskatoon:
Wasu haka suke, Anti, masu nutso suna gina tasu a kan ruwa cikin ciyayi. Amma malad da fintel da ire-irensu a tudu suke yi, wani lokaci da nisa sosai daga ruwa. Yadda muke nemo su: babura biyu masu ƙafa huɗu suna tafiya a jere, an ɗaura doguwar sarƙa tsakaninsu tana shafar saman ciyawa. In ta zo kan uwa sai ta tashi fir. Mai lura ya kafe idonsa a daidai wurin, a je a buɗa ciyawar a hankali. Za ka tarar da ɗan rami an shimfiɗe shi da busasshiyar ciyawa da lallausan gashin da ta fige daga ƙirjinta, ƙwayayen da ɗumi. Sai a ɗauki ɗaya a kara shi a bakin wani ɗan bututu a ɗaga wa rana. Ana ganin jijiyoyin jini da inuwar ɗan, daga nan a san kwana nawa ta yi tana kwanci. A mayar, a rufe da gashin, a kafa sanda ɗan nesa da wurin don kada a nuna wa hankaka hanya. Duk bayan mako ɗaya ko kwana goma a dawo. In an ƙyanƙyashe za ka ga fatar cikin ƙwan ta rabu da ɓawon, a bushe. In wani abu ne ya ci, sai ka tarar da ɓawo a farfashe, ko sheƙar wayam an watsa gashin.

Yawanci na biyun ake tararwa. Lewis Cowardin da abokansa sun lissafa a 1985 cewa malad tana buƙatar sheƙa 15 cikin 100 su ƙyanƙyashe kafin yawanta ya tsaya inda yake. A wurare da yawa da noma ya mamaye, ko hakan ba a samu.

Malama Rabi:
Subhanallahi. 15 kacal? To ai ko kaza a ƙauye ta fi haka.

Dakta Yakubu:
Akwai darasi a nan da zai yi wa ɗalibanki amfani, Malama. Masu binciken farko suna samun alƙaluma masu kyau fiye da gaskiya, saboda sheƙar da aka cinye a kwananta na uku ba wanda ya taɓa ganin ta, waɗanda suka daɗe su ake tararwa. Harold Mayfield ne ya gyara wannan a 1961, ya ce a riƙa lissafi da kwana: cikin kwanakin da aka sa wa sheƙa ido, sau nawa aka yi asara? Malad tana buƙatar kamar kwana 35 daga ƙwan farko zuwa ƙyanƙyasa. In damar tsira a kowace rana kashi 95 ce, ki ninka 0.95 sau 35, za ki samu kusan kashi 17. In ta zama kashi 97, sai ki samu kashi 34. Bambancin maki biyu a rana ya ninka sakamakon. Abin da ke ceton su shi ne uwa tana sake sabuwar sheƙa in ta farko ta lalace, muddin akwai ruwa da abinci. A shekarar fari ba kasafai take sakewa ba.

Ɗan Baka:
To ai magana ta fito. In namun daji ne ke cin ƙwan, a ɗana musu tarko mana. Me ake jira?

Habu Saskatoon:
Yaya Ɗan Baka, ka taɓo inda manyan ƙungiyoyin kare agwagi biyu suka sha bamban. Delta Waterfowl, wadda tushenta tashar bincike ce da aka buɗe a fadamar Delta ta Manitoba a 1938, tana goyon bayan tarko. Kuma suna da hujja: a wani gwaji a Dakota ta Arewa da aka wallafa a 2001, inda aka ɗana tarko ƙyanƙyasa ta kai kashi 42, inda ba a ɗana ba kashi 23. Suna kuma kafa wasu sheƙa na waya da ciyawa a kan ƙarfe a tsakiyar ruwa, malad tana shiga. Ducks Unlimited, wadda aka kafa a 1937, ta fi karkata ga sayen ƙasa da kare ciyawa. Masu ɓarnar su ne jar yanyawa, da wani ɗan'uwan bodari mai wari, da wata dabba da suke kira rakun, da hankaki. Yanyawar ta fi muni don ba ƙwai kaɗai take ɗauka ba, har uwar. Alan Sargeant ya ƙiyasta a 1984 cewa tana kashe manyan agwagi wajen 900,000 a shekara a yankin, mafi yawansu mata.

Dakta Yakubu:
Ni ina tare da masu ciyawa, kuma zan faɗi dalili. Tarko yana aiki a shekarar da aka biya mai ɗana shi. Ka daina bana, baɗi wasu sun cike gurbin. Yankin kuma ya fi ƙarfin a bi shi da tarko. Sannan a tambaya, me ya sa yanyawa take samun sheƙar cikin sauƙi? Saboda ciyawar da ta rage siririya ce, bakin hanya da gefen shinge da kewayen tafki. Dabba ta bi layin nan da hanci a dare ɗaya ta gama da shi. A fili mai faɗin gaske sai ta yi yawo ba ta samu ba. Akwai ma wani abu da ke nuna haɗarin kashe-kashe ba lissafi. Marsha Sovada da abokanta sun nuna a 1995 cewa inda dilan Amurka da suke kira koyot yake da yawa ƙyanƙyasa tana kai kashi 32, inda yanyawa ta fi yawa kashi 17, domin dilan yana korar yanyawa kuma bai damu da agwagwa kamar ita ba. Shekara da shekaru ana kashe dilan saboda tumaki, ashe ana buɗe wa yanyawa ƙofa.

Ɗan Baka:
Na yarda da maganar dila. Amma inda ciyawar ta riga ta ƙare kuma manomi ba zai mayar ba, a zauna a zuba ido? A nan ni ina ganin tarko ya fi babu.

Dakta Yakubu:
A irin wannan wurin ban musa maka ba. Abin da ba na so shi ne kuɗin da zai kare fili har abada a ƙarar da shi kan aikin shekara ɗaya.

Alhaji Ɗanlami:
Har yanzu ina jiran amsar aljihu.

Habu Saskatoon:
Ga ta, ranka ya daɗe. Tun 1934 duk baligin da zai harbi agwagwa a Amurka sai ya sayi wani kan sarki na musamman. Da dala 1 ne, yanzu dala 25, kuma kashi 98 cikin 100 na kuɗin yana tafiya ne kan ƙasa. An tara fiye da dala biliyan 1, an kare kusan eka miliyan 6. Daga 1958 aka fara amfani da kuɗin wajen ƙananan tafkunan nan. Yawanci ba sayen gonar ake ba. Ana biyan mai ita kuɗi a dunƙule, ya sa hannu cewa ba zai tsiyaye tafkin ba, ba zai cike shi ba, ba zai ƙone shi ba. Gonar tasa ce, in tafkin ya bushe da kansa yana iya nomawa. In yarjejeniyar ciyawa ce, zai yi kiwo yadda yake so, zai yanki ciyawa bayan 15 ga Yuli lokacin da yawancin ƙwai sun fashe, garma ce kawai ba zai sa ba.

Sai dokar noma ta 1985. Ita ta kawo shirin da gwamnati ke biyan manomi haya ta shekara 10 zuwa 15 ya mayar da gona mai zaizaya ta koma ciyawa. Don ƙasa aka yi shi, ba don tsuntsu ba, amma Ronald Reynolds da abokansa sun ƙiyasta cewa tsakanin 1992 da 1997 ya ƙara agwagi miliyan 12.4 a Dakota biyu da arewa maso gabashin Montana. Dokar ta kuma ce wanda ya tsiyaye tafki zai rasa tallafin gwamnati.

Alhaji Ɗanlami:
To wannan magana ce. In an biya mutum, kuma da yardarsa, ba ni da ja. Amma haya ai ciniki ce. Ranar da masara ta fi hayar tsada fa?

Habu Saskatoon:
Abin da ya faru kenan, Alhaji. Shirin ya kai ƙololuwa a 2007 da eka miliyan 36.8 a faɗin ƙasar. Sai farashin masara da waken suya ya tashi, ga dokar da ta tilasta haɗa man fetur da sinadarin da ake tatsa daga masara. Manoma da yawa da wa'adinsu ya cika ba su sabunta ba. Christopher Wright da Michael Wimberly sun auna ta hoton tauraron ɗan'adam cewa daga 2006 zuwa 2011 an nome kusan eka miliyan 1.3 na ciyawa a jihohi biyar na yammacin yankin noman masara na Amurka. A 2023 kuma hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Sackett ya taƙaita kariyar dokar ruwa ta tarayya ga dausayin da ke haɗe da babban ruwa, alhali waɗannan tafkunan yawancinsu a ware suke.

Ita fintel da Dakta ya ambata, matsalarta ta daban ce. Da wuri take isowa kuma tana son gajeriyar ciyawa, don haka sai ta yi sheƙa a tushiyar alkamar bara. A da manoman Kanada suna barin gona ta huta shekara guda. Yanzu kusan kowace gona ana shuka ta duk shekara, injin shuka yana shigowa a Mayu daidai lokacin da take kwanci, ya bi ta kan ƙwan. Shi ya sa ake ƙarfafa musu gwiwa su shuka irin alkamar da ake sawa a ƙasa tun Satumba ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, don ba injin shuka da zai shiga gonar a lokacin kwanci.

Modu Nguru:
Salamu alaikum. Na yi shiru ina bi, amma wannan fintel ɗin ai muna ganin ta a nan lokacin sanyi, a Dagona da Tafkin Nguru. Daga Kanada take zuwa mana?

Dakta Yakubu:
Wa alaikumus salam Malam Modu. Iri ɗaya ce amma ba garke ɗaya ba. Taku daga arewacin Turai da yammacin Saberiya take tsallako Sahara, tare da ƙaramar nan gargani mai farar gira. Ta Kanada kudancin ƙasar Amurka da Meziko take sauka. Kirinjijiya da dinya kuwa 'yan gida ne, a nahiyarmu suke haihuwa. Amma akwai abin da ya haɗa ku da mutanen Dakota, kuma ka fi ni saninsa: kachalla.

Modu Nguru:
Kai Dakta! Kar ka ce mini su ma tana can. Mu nan ta toshe hanyar jirgi, ta cinye gonakin shinkafa, wurin da mahaifina yake jefa koma yanzu ko taku ɗaya ba za ka iya ba. Jan-baki kuma a cikinta suke kwana su wayi gari a gonakin mutane.

Habu Saskatoon:
Tana nan, Yaya Modu, 'yar'uwar taku ce. Ta nan ruwa-biyu ce, an samu barbara tsakanin ta gida da wata mai siririn ganye, ta fi iyayenta ƙarfi. Ta rufe tafkuna da yawa ruf. Kuma kamar yadda jan-baki ke muku, a Dakota ta Arewa wasu baƙaƙen tsuntsaye ne ke kwana a ciki suna cinye gonakin furen rana, har ma'aikatar noma ta riƙa fesa wa kachallar magani ta jirgi.

Injiniya Sadiya:
Kuma sanadin ya yi kama. Kachalla tana son ruwan da ba ya hawa ba ya sauka, ga taki. A Haɗeja da Nguru da can ambaliya tana zuwa da damina ta janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsage. Bayan dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu amma ana sakin ruwa har da rani, wasu wuraren suka daina bushewa gaba ɗaya. A Dakota da Kanada kuma tattara ƙananan tafkuna a zuba a babba, irin shawarar da aka kawo ɗazu, ita ke hana babban bushewa. Ga babu wutar daji, babu garken ɓaunar da ke tattake ta a da.

Dakta Yakubu:
Wannan shi ne abin da na fi so mutane su riƙe daga binciken can. Milton Weller da Cecil Spatcher sun nuna a Iowa a 1965 cewa tsuntsaye sun fi yawa kuma sun fi iri-iri a lokacin da fadama take rabi ciyayi rabi buɗaɗɗen ruwa, a cakuɗe. Arnold van der Valk da Craig Davis kuma a 1978 suka bayyana yadda abin ke zagayawa. Fari ya busar da tafki, irin tsirrai da ke kwance a laka shekara da shekaru ya samu iska ya tsiro. Ruwa ya dawo, matattun ganye su ruɓe, ƙwari su yi yawa. Wani ɓeran ruwa da ke gina ɗakinsa da kachalla ya yi ta yanka yana buɗe fili. In ruwan ya daɗe da zurfi ciyayin su mutu, ya zama tafki fanko, sai wani farin ya zo a sake. Shi ya sa masu kula da gandun tsuntsaye a can da gangan suke buɗe ƙofar ruwa su busar da fadama duk bayan 'yan shekaru.

Modu Nguru:
To mu da muke yanka ta da lauje ta sake fitowa kafin wata biyu, su yaya suke yi?

Habu Saskatoon:
A ina kuke yankewa, sama da ruwa ko ƙasa?

Modu Nguru:
Ya danganta. Masu gaggawa sama suke yi. Tsofaffi suna cewa a nutsa hannu a yanke ta a ƙasa, amma aikin da wuya, ga matsattsaku.

Habu Saskatoon:
Tsofaffin sun yi daidai. Ka tsaga karan kachalla ka duba cikinsa, za ka ga ramuka-ramuka. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke cikin laka, ko da karan ya bushe yana ci gaba da wannan aikin. In ka yanke sama da ruwa ka bar mata hanyar numfashi. In aka yanke kuma ruwa ya rufe kututturen ya daɗe a kai, saiwar tana shaƙewa. A nan inda suke da ikon sarrafa ruwa sukan busar da wurin, su yanke ko su ƙone ko su sa shanu su tattake, sannan su cika ruwa ya haye kan kututturen kafin sabon toho ya fito. Yanka ɗaya ba ya gamawa da ita, sai an maimaita. Wahalar ku ita ce ƙofar ruwan ba a hannunku take ba, tana can sama a dam.

Injiniya Sadiya:
Shi ya sa duk gyaran da za a yi a Nguru sai an zauna da masu sakin ruwan Tiga da Challawa a kan jadawali: a saki da yawa da damina, a rage da rani har wasu wuraren su bushe. Masu noman rani na Kano da masu shan ruwan birni su ma suna da haƙƙi a ruwan nan, don haka ba magana ce ta rana ɗaya ba.

Alhaji Ɗanlami:
In za a zauna, a kira manomin rani da masunci da makiyayi tun farko, kada a gama yanke magana a ofis sannan a aiko musu da takarda. Kuma duk wanda za a ce ya bar wani abu, a faɗa masa nawa za a ba shi da kuma wa zai biya. Modu, ka tambayo mana dattawan naku wane wata ne ruwan yake janyewa daga gonakinsu kafin a yi Tiga, mu kwatanta da yanzu.

Modu Nguru:
In sha Allahu zan tambayi kawuna ranar kasuwa, shi ya yi su a wancan zamanin. Zan kuma ɗauko muku hoton mashigar Marma ku ga yadda ta koma.